Shishmaref, Garin da Ƙanƙara ke Gadinsa

Saboda gishirin da ke cikinsa, ruwan teku ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Ɓarɓashin ƙanƙara ne ke fara yawo a samansa. In teku na motsi, ɓarɓashin ya dunƙule ya zama kamar fayafayai, gefensu a tashe saboda gogar juna. Daga nan su haɗe, su manne da gaɓa. Inda iska ta turo wata ƙanƙarar daga nesa, sai su hau kan juna su yi tudu, gindin tudun ya kafe a ƙasan teku. Waɗannan tuddai ne ke riƙe shimfiɗar ƙanƙarar, wadda kan miƙe kilomitoci daga bakin ruwa.

Mutanen Shishmaref, 'yan ƙabilar Iñupiat kimanin 600 da ke tsibirin Sarichef a jihar Alaska ta Amurka, da wannan shimfiɗa suke rayuwa. A kanta mafarauta ke bi su nemo ugruk, dabbar ruwa mai kitse da suke ci. Amma babban aikin shimfiɗar gadi ne. Tsibirin yashi ne zalla, daskarewar ƙasa ce kawai ke riƙe shi. A da, kafin guguwar kaka ta yi ƙarfi a Tekun Chukchi, ƙanƙara ta riga ta kama, raƙuman ruwa su mutu can nesa. Yanzu takan makara, ƙasar ma tana narkewa, ruwa ya zo ya tarar da gari ba mai tsaro. A watan Oktoban 1997 guguwa guda ta cinye kusan mita 9 na gaɓar arewa, dole aka janye gidaje 14.

Kada a ɗauka ƙanƙarar ba ta da nata sharrin. A Janairun 2006 iska ta tunkuɗo ta har kan titi a wani garin Alaska, Barrow, wanda yau ake kira Utqiaġvik.

Hukumomi sun jibge duwatsu a bakin ruwan Shishmaref. A ganina wannan jinkirta ɓarna ne kawai, domin wani yanki suke karewa, kuma da tsada. A 2002 mazauna suka kaɗa ƙuri'ar tashi, suka sake kaɗawa a 2016. An ƙiyasta ƙaurar za ta ci wajen dala miliyan 180, kuɗin ba su samu ba, garin kuwa yana nan inda yake.