Sikelin da ke auna kitse: Abin da ya kamata iyayen yara masu ninkaya su sani

Iyo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda Kabawa ke gasar ninkaya da nutso a kogin Matan Fada. A Legas kuwa abin ya ɗauki wani salo: iyaye daga Agege, Isolo, Idi-Araba da Mile 12 na kai yaransu koyon iyo a ƙarshen mako, wasu a makarantun kuɗi, wasu a wurin ninkaya na Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, filin da ya karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973. Yaran na da abin koyi, domin a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 Abiola Ogunbanwo, mai shekara 17 a lokacin, ta kammala mita 100 cikin daƙiƙa 59.74, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta yi wannan nisa cikin ƙasa da minti ɗaya.

Da zarar yaro ya tashi daga wasan ruwa ya shiga gasa, sai a fara maganar awo. Wani abu da masu horarwa da gidajen motsa jiki suka rungumi amfani da shi shi ne sikelin da ake hawa ba takalmi, wani lokaci a riƙe ƙarafa biyu a hannu, cikin minti ɗaya ya fitar da lambobi: kitse kaza, tsoka kaza, ruwan jiki kaza. Masana na kiran wannan awo BIA a taƙaice. Kamfanonin Tanita da Omron na Japan da InBody na Koriya ta Kudu ne suka yi fice wajen ƙera shi, kuma ƙananansa na gida sun cika shagunan kayan lantarki.

Yadda yake aiki

Sikelin na tura wutar lantarki 'yar mitsitsiya cikin jiki, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, har mutum ba ya jin wucewarta. Ruwan jiki na ɗauke da gishiri, saboda haka wuta na ratsa shi cikin sauƙi. Tsoka kusan kashi 75 cikin 100 nata ruwa ne, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, don haka yakan tare wa wutar hanya. Abin da na'urar ke aunawa kai-tsaye shi ne ƙarfin wannan tarewa. Daga nan sai ta haɗa da tsawo, nauyi, shekaru da jinsin mutum, ta yi lissafi ta kintaci yawan ruwa, tsoka da kitse.

Tun a 1962 wani likita Bafaranshe mai suna Thomasset ya nuna ana iya kintatar ruwan jiki ta wannan hanya. Wato tun asali awon ruwa ne, lambar kitsen da ke fitowa a fuskar sikelin kuma hasashe ne da aka ɗora a kansa. Wanda ya riƙe wannan ba zai ruɗe ba.

Amfaninsa ga mai ninkaya

Mutane da yawa na zaton wanda ke cikin ruwa ba ya gumi. Yana yi, sai dai ruwan na wanke shi kafin a gani. Dokar gasa ta duniya ta ce ɗumin ruwan ninkaya ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 28, amma ruwan da ke buɗe ga ranar Legas kan iya wuce haka, musamman a watannin Fabrairu da Maris. Yaron da ya yi awa biyu yana atisaye na iya rasa ruwa mai yawa bai ji ƙishirwa ba. Likitocin wasanni sun yi ittifaƙin cewa rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki na rage kuzari. Ga yaro mai kilo 50, kilo ɗaya ke nan kacal.

Idan ana yin awon a kai-a kai, misali sau ɗaya a wata, koci zai ga inda jikin ɗan wasa ya nufa. Tsoka na ƙaruwa yayin da horo ke tsananta, ko kuwa zagwanyewa take yi saboda abincin bai isa ba? Manyan na'urori na raba awon gaɓa-gaɓa, su kwatanta hannun dama da na hagu, abin da ke da amfani bayan jinyar ciwon kafaɗa, ciwon da ya fi addabar masu iyo. Suna kuma fitar da wata lamba da ake bayarwa da digiri, wadda ke nuna ƙarfin ƙwayoyin halittar jiki. A lafiyayyen baligi takan kasance tsakanin 5 zuwa 7, 'yan wasa kan ɗara haka. Idan ta yi ta sauka wata bayan wata tare da yawan gajiya, dalili ne na a duba hutu da abinci.

Inda yake yaudara

Tunda ruwa yake aunawa, duk abin da ya taɓa ruwan jiki zai sauya sakamako. Wanda jikinsa ya bushe, wutar za ta sha wahalar wucewa, sai sikelin ya ce kitsensa ya ƙaru alhali ko giram ɗaya bai ƙaru ba. Wanda ya fito daga atisaye jikinsa da zafi, jini ya cika tsokoki, sai a ga kitse ya ragu. Haka jiƙaƙƙiyar ƙafa, cikakken ciki, da kwanakin al'adar mata, duk suna karkatar da lambobin.

Wannan ya shafi gidajenmu kai-tsaye a watan Ramadan. Awon da aka yi wa mai azumi da la'asar ba a kwatanta shi da wanda aka yi masa a Sha'aban da safe. Gara a dakata sai bayan Sallah.

Akwai kuma batun lissafin da ke cikin na'urar. Yawancinsa an gina shi ne daga awon manyan mutane a Turai, Amurka da Gabashin Asiya. 'Yan Afirka galibi na da dogayen hannuwa da ƙafafu idan aka kwatanta da gangar jiki, kuma a gaɓoɓin nan wutar ta fi gamuwa da tarewa. Saboda haka lambar na iya kaucewa gaskiya, ballantana ga yaron da ke tsakiyar girma. Sikelin gida mai ƙarafa a ƙafa kawai, wutar ta ƙafa ɗaya take hawa ta sauka ta ɗayar, ba ta kai wa ƙirji da kafaɗu ba, inda ƙarfin mai iyo ya taru.

Haɗarin da ya fi girma

Babbar ɓarna na faruwa ne idan aka mayar da lambar kitse bulala. Yarinya 'yar shekara 13 da aka ce mata ta yi kitse a gaban sa'o'inta na iya fara ƙin cin abinci a ɓoye, alhali ƙaruwar kitse lokacin balaga halitta ce. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da sanarwa kan ciwon da ke kama 'yan wasan da abincinsu bai kai aikin da jikinsu ke yi ba. Alamominsa sun haɗa da ɗaukewar al'ada, raunin ƙashi, yawan rashin lafiya da koma-baya a gasa, kuma yana kama maza ma. Idan al'adar yarinya ta ɗauke wata uku, ko yaro na ramewa yana yawan gajiya, a kai shi ga likita, ko a Babban Asibitin Isolo, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko wanda ya fi kusa.

Ƙa'idojin da za a kiyaye

A yi awon da safe kafin karin kumallo, bayan an yi fitsari, ƙafa a bushe, kuma an kwana tun bayan atisaye mai tsanani. A riƙa amfani da na'ura ɗaya, domin sakamakon wannan kamfani ba ya daidai da na wancan. A rubuta kowane awo a littafi, a duba tafiyarsa cikin wata uku zuwa shida. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau ko da wasa, kuma kamfanonin da ke ƙera shi na shawartar masu juna biyu su guje shi.

Iyaye na da haƙƙin tambayar koci: me ya sa za a auna, wa zai ga sakamakon, me za a yi da shi? A yi awon a keɓe, da izinin iyaye, mace ta auna mace.

Wanda ba shi da halin sayen irin wannan sikeli bai yi asara ba. A auna yaro a sikelin da aka saba kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai a mayar masa da lita ɗaya da rabi a hankali cikin 'yan awoyi. Fitsarin safe ma shaida ne: idan ya yi duhu kamar ruwan shayi, jiki na neman ruwa. A ajiye masa gorar ruwa a bakin wurin iyo, in ya fito kuma ya tarar da ƙosai da kunun gyaɗa, ko shinkafa da wake da kifi.