Abin da ya kamata ku sani: Riƙe imani da kwanciyar hankali a lokacin kullen annoba

A daren 16 ga Afrilu, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Kano, kwana biyar bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar. Kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa suka yi tsit. Da azumi ya kama a ranar 24 ga watan, babu tarawihi a jam'i, babu taron tafsiri. A Nijar an rufe masallatai, Saudiyya ta dakatar da umara, aikin Hajjin shekarar kuwa mazauna ƙasar 'yan kaɗan ne suka yi shi. Kiristoci da dama ma a gida suka yi bikin Ista.

Abin da ya fi gallabar mutane da yawa a lokacin shi ne zullumi: tsoron cutar, tsoron yunwa, da jin kamar an raba su da ibadarsu. Annoba ba ta sallama kafin ta shigo, don haka yana da kyau a san yadda mai imani ke tsayawa da ƙafafunsa idan irin wannan rana ta sake zuwa.

Zaman gida ba raunin imani ba ne

Tambayar da ta fi yawo a 2020 ita ce: wanda ya dogara ga Allah, me zai sa ya ɓuya wa cuta? Sahabbai sun riga mu fuskantar wannan tambaya. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Yana kan hanyar zuwa can, a wani wuri da ake kira Sarg, labari ya iske shi. Ya yi shawara, ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya tarar da kwari mai ɓangare biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa, bai fita daga hukuncin Allah ba, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Daga nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da umarnin Manzon Allah (SAW) cewa kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita don gudu.

Annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, manyan bayin Allah. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kamuwa da cuta ba alamar fushin Allah ba ce a kan mutum. Da Amru ɗan Asi ya karɓi ragamar jagoranci a Sham, sai ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, su rage cuɗanya, daga nan cutar ta lafa.

Malam Ibnu Hajar al-Askalani, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta littafi a kan wannan batu. Ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka fita fili suka taru don addu'a a shekara ta 833 bayan Hijira, amma mace-macen suka ƙaru bayan taron. Addu'a ba ta da laifi ko kaɗan. Cunkoson ne ya ba cutar hanya.

Ladan da ba ya yankewa

Dattijon da ya shekara arba'in bai rasa sahun farko ba, ranar da ya ga ƙofar masallaci a garƙame, abin da ke cin ransa ya wuce kewa. Gani yake an yi masa asara. Malamai suna kwantar da irin wannan zuciya da hujjoji sanannu. Ya inganta cewa bawan da uzuri na rashin lafiya ko tafiya ya hana shi aikin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladansa, kuma malamai da dama sun shigar da sauran uzurori na gaskiya a cikin wannan. Abdullahi ɗan Abbas ya taɓa umartar ladaninsa a ranar ruwan sama da taɓo ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu, a ranar Juma'a kuwa. Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda ya zauna a garinsa lokacin annoba, yana mai haƙuri da neman lada, ya san babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta, yana da lada irin na shahidi.

Ke nan zaman da kansa ibada ne, matuƙar an gyara niyya. Wanda ya fahimci haka ya daina kallon gidansa a matsayin kurkuku.

Ku ba yinin tsari

Zuciyar da ba ta da abin yi ita ce saƙe-saƙe ke cinyewa. Musulmi yana da sa'a, domin salloli biyar sun riga sun raba masa yini. Maigida ya ja iyalinsa salla a kan lokaci. A ware wa karatun Alƙur'ani lokacinsa, yara su yi tilawa da bitar darasin boko, a saurari tafsiri a rediyo tare. Gidan Kirista ma haka: addu'ar safe da ta dare, da karatun Littafi Mai Tsarki a lokaci tsayayye.

A kiyaye lokacin barci da na tashi. A motsa jiki ko da zagaya tsakar gida ne, a sha hantsi. Aikin gida kuma kada a bar wa uwargida ita kaɗai, domin a kulle nauyinta ninkuwa yake yi: girki, yara, ga miji a zaune. Yawan faɗan da ke tashi tsakanin ma'aurata a irin wannan lokaci daga gajiya da ƙuncin aljihu yake, kuma sassauta murya na kashe rabinsa.

Ku tace abin da kuke ji

Jita-jita ta yi wa mutane illa a 2020. Yau a ce babu cutar, gobe a turo hoton gawarwaki, jibi a kawo wani haɗin magani a WhatsApp. Wanda ya kwana yana latsa waya, da fargaba zai tashi. Ya isa a saurari labarai sau ɗaya ko biyu a yini daga kafar da aka amince da ita, ko sanarwar hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya (NCDC), sannan a ajiye wayar. Saƙon da ba a tabbatar ba kada a tura shi gaba, ko da an rufe shi da salati.

Kyakkyawan zato ga Allah bai ƙunshi musun gaskiya ba. Lokacin da mace-macen dattawa suka yawaita a Kano a watan Afrilun 2020, binciken gwamnatin tarayya ya alaƙanta kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da korona. Mai imani yana karɓar labari mai ɗaci, ya yi istirja'i, ya wanke hannu, ya sa takunkumi, ya kare tsofaffin gidansa.

Haƙuri na buƙatar tuwo

A nan ne maganar ta fi nauyi. Ma'aikacin da albashinsa ke shigowa zai iya zaman gida wata guda. Ɗan dako, da direban a-daidaita-sahu, da mai suyar ƙosai, sai sun fita suke ci. Ce wa irin waɗannan su yi haƙuri alhali tukunyarsu a kife take, wa'azi ne rabi. Kwanciyar hankalinsu tana hannun maƙwabtan da Allah ya hore wa.

Tallafin gwamnati ba ya isa ko'ina, amma kwanon abinci na iya tsallaka katanga a kowace rana. Mafi yawan malamai sun halatta fitar da zakka kafin lokacinta idan buƙata ta taso. Mai gidan haya na iya ɗaga wa ɗan haya ƙafa, mai shago ya jinkirta bin bashi. Mai bayarwar ma yana amfana: wanda ya shagala da matsalar wani, tasa damuwar na raguwa.

Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. Idan an ɗaure ƙafa, waya ta karɓi aikin. A kira iyaye kullum. A nemi gwauruwar unguwa, da wanda aka yi wa rasuwa bai samu masu zaman makoki ba, da wanda aka killace. Wanda ya warke ya dawo gida kuwa, kada a ƙyamace shi.

Idan damuwar ta zarce

Baƙin ciki na kwana biyu abu ne na ɗan Adam. Amma idan mutum ya shafe mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya sha'awar abinci, ya yanke ƙauna, ko ya fara tunanin cutar da kansa, wannan ciwo ne mai magani, ba ƙarancin imani ba. A ci gaba da addu'a, a kuma nemi likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, da na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen wannan aiki.

Mafi alherin shiri shi ne wanda aka yi tun ana zaune lafiya. Kwamitin masallaci ko na coci ya san gidajen marayu da tsofaffin da ba su da mai kula da su, a buɗe ɗan asusun unguwa, limamai su koyar da hukunce-hukuncen annoba kafin a buƙace su. Unguwar da ta yi haka, ranar da aka ce kowa ya zauna a gida, ba za a bar kowa shi kaɗai da yunwarsa da tsoronsa ba. Allah ya kare mu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.