Ko Kun Sani? Tukunyar Tuwo da Firam ɗin Taga Ƙarfensu Ɗaya

Tukunyar dalma da ake tuƙa tuwo a cikinta a Maijirgi, da firam ɗin taga mai sheƙi na shagunan Tasawa da Maraɗi, dukansu alminiyon ne.

Don yin firam ɗin taga, a masana'anta ana gasa gungumen alminiyon zuwa digiri 450 ko 500 har ya yi laushi. Sai inji ya danna shi ta bakin wani ƙarfe mai huda, ya fito dogo da siffar hudar, kamar taliya daga injin murzawa. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan asid, a sakar masa wutar lantarki. Hakan yana ƙara kaurin fatar da ke kare shi daga zaizayewa, kuma fatar tana kama rini.

Alminiyon yana narkewa a digiri 660, shi ya sa maƙeranmu ke narka tsofaffin gwangwanaye da wutar gawayi, su zuba narkakken cikin gurbin tukunya da suka yi da yashi. Sake narka shi yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen samar da sabo. Don haka kada ku yar da shi, ku kai wa maƙera.