Iya Ta Manta Sunana, Amma Ba Ta Manta Kwanona Ba

Na san kun saba jin alƙalamina a kan soyayyar samari da 'yan mata da rikicin kishiyoyi. To yau ma dai soyayyar ce, kuma har da kishiya a ciki, sai dai ita wannan kishiyar tawa ta ba ni shekara fiye da 50. Kakata ce wadda ta haifi mahaifina, muna ce mata Iya, ita kuwa tun ina cikin zanen goyo take kirana "kishiya". Shekara 3 ke nan da rasuwarta, bayan ta yi shekara 7 tana fama da ciwon mantuwa, wanda mu Hausawa muke kira gigin tsufa. Na ɗauko labarinta ne domin na san da yawanku akwai irin wannan tsohuwa a gidajenku, kuma galibi ku 'yan mata ake bar wa ɗawainiyarta.

Iya mutuniyar Zariya ce, jirgin ƙasa ne ya kawo ta Kaduna tana amarya, domin kakana ma'aikaci ne a masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna. A wancan lokacin nan ƙetaren kogi ita ce zuciyar kuɗin Kaduna. Bayan KTL sai ga UNTL da Arewa Textiles, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. Iya ta ga ma'aikatan dare suna fitowa da asuba a yunwace, sai ta kafa tandarta ta waina a kusa da ƙofar masaƙa. Da wainar nan ta aurar da 'ya'ya mata 4, da ita ta sauke farali a Makka.

Wallahi duk wanda ya san Iya da lafiyarta ya san mace mai rai. Ba a biki ko suna a layinmu ba tare da an ji guɗarta ba. Ita ce mai wankan jego, ita ce mai sasanta miji da mata, ita ce mai hana yaro kuka da ƙuli-ƙulin da ba ya rabuwa da bakin zanenta. Idan na yi kwalliyar Sallah na zo gaishe ta sai ta taɓe baki ta ce, "Kishiya, duk jan bakin nan don ki ƙwace min miji ne? To kin makara, ni ce uwargida." Ni kuma in ce, "Iya, ai tsohon zane ba ya gasa da sabuwar atamfa." Sai ta bi ni da mafici, gida ya kaure da dariya. Kuma ko wane ne ya yi sallama ɗakinta, kafin ya zauna tambayarta ɗaya ce: "Ka ci abinci?"

Lokacin rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 ba a haife ni ba, amma kowa a unguwa yana ba da labarin yadda Iya ta shigar da 'ya'yan maƙwabciyarmu, wata Kirista mutuniyar Kafanchan, cikin ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta har ƙura ta lafa. Bayan rikicin ne garin ya rabu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka dawo kudu. 'Yan uwa suka matsa mata ta tashi, ta ce ita inda aka binne cibiyar 'ya'yanta nan za ta mutu. Ku riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

Ina aji 3 a ƙaramar sakandare abin ya fara, kuma a hankali ya shigo kamar ɓarawon dare. Sai ta zuba gishiri sau biyu a miya. Sai ta ajiye kuɗinta a cikin tulu ta ce an sace. Ta tambaye ka yau wace rana, ka faɗa mata, kafin ka juya ta sake tambaya. Matar da ke lissafin cinikin waina da ka ba tare da ta yi kuskuren kwabo ba, sai ga shi ta je kasuwar Monde ta kasa gane canjinta. Daga nan sai ta fara tashi ƙarfe 3 na dare tana neman ashana, wai za ta hura wuta kada 'yan masaƙa su fito ba ta gama suya ba. Alhali KTL ta rufe tun 2002, kakana kuma ya daɗe a ƙasa.

Nan fa bakin mutane ya buɗe. Wannan ya ce jinnu ne, wancan ya ce jifa ne, wata ta ce ai dama tsofaffi haka suke. Ranar da ba zan manta ba, Iya ta sulale da hantsi ta fita neman ƙofar masaƙa, ta ɓace. Muka karaɗe Kakuri har la'asar. Ashe ta faɗa wata unguwa da ba a san ta ba, ta shiga wani gida ta ɗauki jaririn da ta samu yana kuka tana jijjiga shi, kamar yadda ta saba yi duk rayuwarta. Aka yi mata ihun mayya. Matasa sun riga sun kewaye ta, wasu da duwatsu a hannu, sai Allah ya jeho wani mai Keke Napep. Yana leƙawa ya yi tsalle ya faɗa tsakiyarsu yana cewa, "Wannan uwata ce! Duk wanda zai taɓa ta sai ya fara da ni!" Ɗaya ne daga cikin yaran nan da ta ɓoye a 2000. Ya kawo ta gida yana hawaye, ita kuwa ba ta gane shi ba, sai tambayarsa take, "Yaro, ka ci abinci?" Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma ku tambayi kanku, tsofaffi nawa ne ba su samu mai gane su ba a irin wannan rana?

Washegari Baba ya ce sai asibiti. Dangi suka yi ca, wai za a kai Iya Barnawa a ja wa zuri'a abin gori, 'yan matan gidan su rasa mijin aure. Baba ya ce lafiyar uwarsa ta fi masa bakin duniya. Muka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, wanda yake nan tun 1975, kuma a can muka fahimci cewa abin da ke damun Iya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ƙoda ko zuciya ke ciwo, kuma ba kowane tsoho ne yake yinsa ba.

Bari in ba ku abin da na sani a kansa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa sannu a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayaninta a 1906, kuma ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Wani nau'in kuma daga toshewar jijiyoyin jini yake zuwa, shi ya sa hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke da hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na lokacin jinya. An ware ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara domin wayar da kai a kansa. Har yau babu maganin da ke warkar da shi, sai dai masu sassauta alamun na ɗan lokaci. Duk da haka zuwa asibiti yana da amfani, domin wani ruɗewar daga zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin wani sinadari a jiki, kuma waɗannan ana maganinsu tsoho ya dawo hayyacinsa.

Ciwon yakan fara taɓa sashen da ke ajiye sabon abu. Kamar akwatin lefe ne, zannuwan sama ake fara kwashewa, na ƙasa su daɗe. Shi ya sa Iya ba ta san abin da ta karya da shi ba, amma tana iya lissafa miki ƙawayen da suka rako ta daga Zariya.

Da muka gane haka sai zaman gidan ya canza. Idan ta ce ina Malam, wato kakana, ba ma ce mata ya rasu, domin duk faɗa sabon mutuwa ne a wurinta, sai ta yi kuka kamar yau aka yi. Sai mu ce, "Iya, ba mu labarin ranar da aka kawo ki." Nan take fuskarta za ta washe. Idan ta tashi neman suya, Umma takan ba ta shinkafa a faranti ta ce ta tsince, hankalinta ya kwanta. Muka ɗauke ashana da wuƙa da magunguna, muka sa ƙararrawa a ƙofar zaure, muka ɗinka lambar wayar Baba a cikin mayafinta, muka sanar da masu shago da 'yan acaɓa na layinmu. Da yamma ruɗewar ta fi tsanani, don haka kafin magariba muke kunna fitila, a rage hayaniya, ɗaya daga cikinmu ta zauna tana matsa mata ƙafa. Idan ta yi sallar azahar sau uku ba mai hana ta, malamin unguwarmu ya ce babu laifi a kanta.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon iyaye: kada a ɗora jinya a kan yarinya ɗaya har ta bar makaranta. A gidanmu Baba ya raba kwana, har da yayyena maza, shi ya sa na samu na zana jarrabawar WAEC. Mai jinya ma mutum ce, tana gajiya, tana bukatar barci da mai ce mata sannu.

A shekararta ta ƙarshe Iya ta daina ce min kishiya. Idan na shiga sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, daga ina?" Kai, wannan kalma ta fi mari zafi, sai in shiga bayi in yi kukana in wanke fuska in dawo. Amma duk abincin da aka kai mata sai ta raba biyu, ta zuba rabi a wani ɗan kwanon sha mai murfi wanda nake cin tuwo a ciki tun ina yarinya, ta tura ƙarƙashin gado. Umma ta taɓa tambayarta na wane ne, ta ce, "Na yarinyar nan ne, ta tafi makaranta ba ta ci komai ba." Ina zaune a gabanta ta faɗi haka. Sunana ya tafi, fuskata ta tafi, amma tausayina yana nan daram.

Don haka ƙannena, idan tsohuwar gidanku ta fara maimaita magana, ko ta zarge ku da satar da ba ku yi ba, kada ku yi musu da ita, kada ku bari yara su mai da ta abin tsokana, kuma kada ku yarda a kira ta mayya. Ku sa a auna mata jini, a kai ta ga likita da wuri. Ku zauna ku kwashi labaranta tun akwatin bai zama wayam ba. Ku kama hannunta, ko ba ta san ku ba tana jin ɗumin hannun.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai haske kabarinta, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, mu kuma Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku ce har kullum, daga Kakuri, Kaduna.