Haruffan da Yaƙin Khartum Bai Kai Gare Su Ba

Yau Sudan muka nufa.

In mutum ya taso daga kasuwar Omdurman, ya haye gadar Farin Nilu ya shiga Khartum, ya nausa kudu, zai iske asibitin koyarwa na Soba. A nan Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken cutar maisitoma a 1991, ƙarƙashin Jami'ar Khartum. Mutanen Sudan madura suke ce wa cutar. Ciwon manomi ne da makiyayi. Ƙaya ta soki ƙafa, ƙwayar cuta dangin funfuna ta bi ta shiga, wurin ya kumbura ba zafi, mai shi ya ci gaba da nomansa. Sai an daɗe kumburin ya fashe, yana tsiyaya, yana fitar da baƙaƙen tsabobi kamar habbatus sauda. Da yawa ba sa isa Soba sai ciwon ya ci ƙashi, ba abin da ya rage sai yanke ƙafa.

A 2016 masana daga Sudan da Holan suka karanta ƙwayoyin gado na babbar mai haddasa cutar, Madurella mycetomatis, wadda aka ciro daga jikin wani majinyaci ɗan Sudan. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, amma jerinsu ya haura miliyan 36. Aka zuba shi a GenBank, rumbun da aka buɗe a Amurka tun 1982, wanda kowa ke shiga kyauta.

To, wa zai zauna ya duba wannan da ido? Nan amfanin BLAST yake, manhajar da ta fito a 1990. A ce ɗaliba ta samu haruffa ɗari biyar daga tsabar da aka ciro a ƙafar mara lafiya. Ta kwafe su, ta liƙa a farin akwatin da ke shafin manhajar, ta danna. Manhajar sai ta daddatsa su gajeru-gajeru, ta nemi inda guntu ya yi daidai da abin da ke rumbun, sannan ta bi shi dama da hagu ta ga iya inda kamar ta tsaya. Kamar dai alaramma ne: ka ja masa kalma uku, ya gaya maka sura da aya. Kafin shayi ya huce sunaye sun jeru, mafi kusa a sama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayoyi daban-daban ke fitar da baƙar tsaba, kuma ba duka ke jin magani iri ɗaya ba. Irin wannan aikin ne ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012, ta riƙa koya wa matasan Afirka, kuma Jami'ar Khartum ta kasance a cikinta.

Sai ga 15 ga Afrilu, 2023. Yaƙi ya ɓarke, masana suka watse, aka wawashe cibiyar Soba. Samfuran da aka shafe shekaru ana tarawa suka salwanta. Wallahi abin da ciwo, don kowane samfur ƙafar wani bawan Allah ce da ya yi doguwar tafiya neman magani. Amma haruffan nan miliyan 36 suna nan daram. Likitan da gudun hijira ya kai Alƙahira ko Bur Sudan zai iya buɗe su yau da daddare, muddin yana da intanet.

Madura ba ta tsaya a Sudan ba, ana samunta a Chadi da Nijar da arewacin Najeriya. Don haka malamanmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, ku koya wa ɗalibai wannan aiki, kuma duk abin da kuka karanta a ɗakin gwaji ku zuba shi a rumbu, kada ku bar shi a firji da kwamfuta ɗaya. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.