Saukar helikwafta bayan mutuwar inji

Saukar helikwafta bayan mutuwar inji dabara ce da matuƙin jirgi mai saukar ungulu ke bi ya kai jirgin ƙasa lafiya idan inji ya tsaya a sama. Ba a ba wani samfurin helikwafta takardar shaidar tashi sai kamfanin da ya ƙera shi ya nuna a gwaji cewa jirgin na iya wannan sauka.

Yadda abin ke faruwa

Tsakanin inji da babbar farfela akwai kulochi mai sakin farfelar da kansa da zarar inji ya mutu. Yayin da jirgin ke gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana ratsa fukafukan farfelar, ita ke ci gaba da juya su. Amma dole matuƙi ya sauke sandar da ke hannunsa na hagu cikin daƙiƙoƙi kaɗan don rage karkatar fukafukan. In ya yi jinkiri, gudun farfela zai faɗi har ya kai inda ba ya dawowa. Daf da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya rage gudu, sannan ya ja sandar sama, ya yi amfani da ragowar ƙarfin juyawar ya sassauta dirar. Damar sau ɗaya ce tak.

A ranar 21 ga Yuni, 1972, Bafaranshe Jean Boulet ya kai tsayin mita 12,442 da helikwafta samfurin Lama, injin ya mutu, ya sauko lafiya ta wannan hanya.

Ƙa'idojin ba da shaida

A Amurka hukumar FAA ce ke ba da shaidar, a Tarayyar Turai kuma EASA. Sashe na 27 na dokokin FAA ya shafi ƙananan jirage da ba su wuce kilo 3,175 da kujerun fasinja 9 ba, Sashe na 29 kuma manya. Jirgin Rukunin A yana da inji biyu ko fiye, an tsara shi yadda in ɗaya ya mutu zai iya ci gaba da tashi ko ya sauka lafiya. Rukunin B ba shi da wannan tabbacin.

Littafin kowane jirgi na ɗauke da zanen da ke nuna tsayi da gudun da ya kamata a guje wa, domin jirgin da ke shawagi ƙasa-ƙasa ba gudu ba shi da sararin da zai shiga wannan sauka.