Yadda Fim Ɗin Daba Mai Dogon Zango Yake Ƙarewa

Fim ɗin daba mai dogon zango ya samu gindin zama a Kannywood ne ta YouTube. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin tashe shi ne A Duniya na Tijjani Asase, inda Daddy Hikima ya fito a matsayin Abale, har sunan ya bi shi. Labaran kan zagaya ne a kan sara da suka, shaye-shaye da ɗaukar fansa.

Zangon ƙarshe shi ya fi ba marubuci ciwon kai. 'Yan kallo sun shaƙu da jagoran daban, ga barkwancinsa, ga kalamansa da yara ke kwaikwayo a layi, amma al'ada ba ta yarda mugu ya tsira ba. Dole ya tuba, ko ya shiga hannun hukuma, ko a ɗauki gawarsa. Tuban da aka yi cikin gaggawa kuwa ba kasafai yake gamsar da mai kallo ba.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ma tana da ta cewa. A 2021 ta haramta nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Ga mutanen Doguwa da Tudun Wada, waɗanda suka ɗanɗana ɓarnar ɓarayin shanu a Dajin Falgore, irin waɗannan laifuka ba tatsuniya ba ne.